Ƙwan Kazar Inna

Ni dai ban taso da kiwo ba. A gidan haya aka haife ni a cikin birni, inda ko kyanwa ba a ajiyewa sai da izinin mai gida. Kaza a wurina aba ce da ake gani ranar salla a cikin miya. Amma da ka ji ni a 'yan shekarun nan ina bayanin kaji, sai ka rantse a akurki aka yanke mini cibiya.

Abin da girmana ya same ni, ina da mata da 'ya'ya mata biyu, ina aiki a kan injin narka roba a wani kamfani a Challawa, inda muke fitar da bokitai da butoci da kujeru. Wani abokin aikina ne ya jawo mini. Muna hutun cin abinci ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kalli nan." Na kalla. Zakara ne, amma wane irin zakara! Tsayinsa ya kai gwiwar mutum, ƙirji a buɗe, gashi har kan yatsu kamar ya sa safa. Ya ce irin nan birahma ake ce masa, kuma suna da guruf a waya na masu kiwonsa. Ban gama tauna lomar da ke bakina ba na ce a sa ni.

A Sharada muke zaune, a wani layi bayan masana'antu, inda kusan kowane magidanci ma'aikacin kamfani ne. Ciki da falo ne, da kicin, da banɗaki, sai tsakar gidan da idan ka shimfiɗa tabarma uku ta cika. A tsakar gidan nan matata take komai: wanki, shanya, tsintar shinkafa, kitson yara, shan iska in zafi ya yi zafi. Shekara da shekaru ina wucewa ta cikinta ban taɓa lura da ita ba. Ranar da na shiga guruf, na dawo na tsaya a tsakiya na dube ta, sai na ga fili.

Kafin in kawo ko tsinke, akwai kaza guda a gidan, kuma ba tawa ba ce. Lokacin da matata ta haifi ƙaramar 'yarmu, surukata, wadda duk muke ce wa Inna, ta zo daga ƙauyensu a Jigawa don ta yi mata wankan jego. Ta zo da ƙullin daddawa da kuka da yaji, da wata 'yar sagara, budurwar kazar da ba ta fara ƙwai ba, an ɗaure mata ƙafafu da tsumma. Don farfesun mai jego aka kawo ta. Amma da Inna ta ɗaga ta ta jinjina, sai ta ce, "Kai, wannan ƙashi za a sha. A bar ta ta ƙara tsoka." Aka kwance ta. Aka yi arba'in, Inna ta koma gida, damina ba ta fita ba Allah Ya karɓi abinSa. 'Yan kayan ɗakinta can aka raba su, matata ba ta dawo da komai ba sai kumburarrun idanu. Daga ranar babu wanda ya ƙara maganar wuƙa a kan kazar nan. Ta zama kazar Inna.

Ba kyakkyawa ba ce, tsakani da Allah. Ja ce mai ɗigon baƙi, 'yar firit, wuya a ɗan tsige, ga masifa. Ta magudanar ruwa take fita yawonta a layi ta dawo lokacin da ta ga dama. Kullum da safe matata takan watsa mata tsaki tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina yin kamar ban ji ba. Burinta guda ne, kuma ba ta ɓoye mini ba: kazar nan ta ƙyanƙyashe nata 'ya'yan, a samu ko sagara ɗaya ce daga jikinta, don kada irin Inna ya yanke a gidan. Ta san kaza ba ta daɗewa a duniya. Na ce mata, "Wannan ai ba wani abu ba ne." Allah dai Ya yafe mini.

Na sa mai walda ya haɗa mini keji hawa biyu, ya cinye kusan rabin tsakar gidan. Igiyar shanya ta koma a karkace. Na kawo birahma mace da namiji, na zuba su ciki, na ja kujera na zauna ina kallonsu har aka kira magariba. Sannu a hankali kayan gida suka fara ƙaura. Rariyar matata ta koma tankaɗen abincin kaji. Tsohon zanenta na atamfa ya zama labulen keji. Buhun abincinsu ya tare a kicin kusa da na shinkafa, ɓeraye suka ji labari suka biyo. In na dawo daga aiki, ƙafata ba ta san hanyar ɗaki ba sai ta fara biyawa ta keji. Wata rana na yi sallama, matata tana zaune a bakin ƙofa ta ƙi amsawa. Na ce, "Ba ki ji sallama ba ne?" Ta ce, "Na ji, Malam. Na ɗauka da su kake, na bar su su amsa."

Macen birahma ta fara ƙwai, manya, launin ƙasa-ƙasa, abin sha'awa. Sai dai 'yar gayu ce. Ta saki ƙwan ta tsallake shi ta tafi cin abincinta, kwanci kuwa ko a jikinta. Na kai kuka guruf. Wasu suka ce in sayi injin ƙyanƙyasa. Da wace wutar? Wutar da take leƙowa ta gaishe mu ta koma? Sai wani dattijon guruf ya ce, "Ba ka da kazar Hausa a gida? Ai babu injin da ya kai ta. In ta fara kwanci ka kwashe nata, ka zuba mata naka. Ba ta san bambanci ba." Na ajiye wayar na ɗaga kai. Ga kazar Inna can a lungu bayan turmi, ta baje fukafukai a kan ƙwayayenta na fari a duniya.

Karon farko da roƙo na yi. Na zauna kusa da matata na kwantar da murya, irin muryar da rabon da in yi ta tun ina zuwa zance. Na ce karo ɗaya ne tak, kazar yarinya ce, gaba tana da yawa. Da ƙyar ta ce, "To, karo ɗaya." Muka soya ƙwan kazar Inna muka ci da burodi, har da ita, kodayake na lura ba ta ci da yawa ba. Bayan sati uku 'yan tsaki bakwai suka fito. Wayyo, ranar kamar ni na haife su! Kazar Inna ta riƙe su riƙon tsakani da Allah. Kyanwar maƙwabta ta leƙo sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Kafin wata biyu sun fi ta girma, amma da yamma sai ta tattaro su ta ce lallai sai ta rufe su, ka ga 'yar kaza a sama, ƙafafu masu safa sun fito ta ko'ina a ƙasa. Matata ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa hoto nake ta ɗauka ina turawa guruf. A nan aka fara ce mini Farfesa.

Farfesa! Mutumin da shekara guda kafin nan bai san kwana nawa kaza take a kan ƙwai ba. Na karɓi sunan hannu bibbiyu. Na shiga ba da fatawa. Duk wanda ya yi tambaya, kafin ya sauke yatsa na amsa. Ni ne mai cewa a riƙa wanke mazubin ruwa kullum, ni ne mai cewa duk baƙuwar kaza a ware ta sati biyu kafin a haɗa ta da na gida. Har a layin alwala a masallacin kamfani ana tare ni da matsalar kaji.

Karo na biyu da hujja na yi. Na ce bazara ce, zafi ya yi yawa, ƙananan ƙwai irin nata lalacewa za su yi, gara a jira damina. Ban san daga inda na samo wannan ilimin ba, a take na ƙirƙiro shi. Matata ta dube ni ta ce, "A ƙauyenmu kaji ba sa jiran damina." Na ce ƙauye daban, Sharada daban, nan akwai hayaƙin kamfanoni. Ta ce, "Hayaƙin ƙananan ƙwai kaɗai yake kamawa?" Na ce ba za ta gane ba, abin na kimiyya ne. Ta tashi ta shiga kicin. Wannan karon ni da yara muka cinye ƙwan.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kazar Inna ta tara ƙwai tara. Matata ta riga ni. Ta ɗauko gawayi ta ja wa kowanne layi, a gabana, tana ja tana kallona. Na gane karatun. Amma a satin ne wani a guruf ya ba ni ƙwan wani irin birahma fari sol da ba kowa ke da shi a Kano ba, ƙwai kuwa ba ya jira. Kwana biyu ina fama da zuciyata, kuma ba zan yi ƙarya ba, ba ta sha wata wahala ba kafin ta kayar da ni. Da safe matata ta goya ƙaramar ta fita raka babbar 'yarmu makaranta. Na tsuguna bayan turmi, kazar tana saran hannuna, na kwashe taran nan na zuba nawa. Sannan, jama'a, na shiga kicin na ɗauko gawayi na ja wa kowanne layi. Magidanci da gemunsa, a tsugune, yana satar sa hannun matarsa a kan ƙwai. Nata kuwa na zuba a leda na tafi da su aiki don kada a ga shaida. Mai shayin bakin get ya soya mana da albasa da attaruhu, ni da abokina muka tashi da su kafin a busa shiga.

Da la'asar na dawo ina fito. Na tarar da ita zaune a kan turmi.

Ta ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah. Ƙwan kazar Inna ya girma yau. Har launi ya canza."

Na ce, "Kai! Allah mai iko." Da bakina na faɗi haka.

Ta ce, "Ni da nake fasa ƙwai tun ban kai tsayin murhu ba, ni za ka ja wa layi?"

Na fara dariya don abin ya zama wasa. Ita ba ta yi ba, sai ni ma na daina.

"Ina nata?"

Na sosa ƙeya. Na ce, "An soya."

Ban taɓa ganin kuka irin wannan ba. Babu sauti, ba ta ko rufe fuska ba, hawaye ne kawai ke sauka tana kallon kazar. Kunya ta rufe ni, kunyar gaske. Na durƙusa na ce wallahi tallahi na gaba nata ne, in na ƙara taɓa mata ƙwai kada Allah Ya bar ni. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Kada ka rantse. Ka bari kawai." Ba ta cire ƙwan nawa ba, ta ce kazar ta riga ta ɗumama su, ba ita ta yi laifi ba. Shida suka fito farare tas. A guruf aka yi ta jinjina wa Farfesa.

Wannan rantsuwar da gaske na yi ta, kuma da niyyar cikawa. Ina so a rubuta mini wannan, don shi kaɗai nake da shi.

Ana cikin haka aka fara maganar annobar kaji a gari, irin wadda kaza take takurewa, ta yi ta zawo, wuya ya murɗe, kwana biyu ta tafi. Farfesa ya sanar a guruf cewa kowa ya yi rigakafi. Na sayo maganin a 'yar kwalba, na kawo shi cikin ƙanƙara a kular abincin matata. Yadda ake yi, a hana kaji ruwa su ji ƙishi, sannan a haɗa maganin a ruwa a ba su, abin da ya rage kuma a zubar don ba ya ajiyuwa. Na yi komai a ƙa'ida da sassafe kafin in fita. Kajina na keji suka sha suka ƙoshi. Matata tana shara ta ce, "Tawa fa?" Kazar Inna ta riga ta fice ta magudana. Motar ma'aikata kuwa tana ta hon a bakin titi. Na ce, "Kazar Hausa? Ai ƙarfe ce. Kakanninta sun san likita ne?" Na tuntsurar da sauran ruwan maganin a magudanar da ta bi, na sa takalmi na ruga.

Bayan kamar wata guda wani ya sa hoton zakara a guruf zai sayar. Baƙi ne wuluk, wuyansa na sheƙi. Ina da zakaru uku a lokacin, babu abin da zan yi da na huɗu, amma barci ya ƙaurace mini. Ranar hutuna na ce wa matata zan je gaida wani abokin aiki marar lafiya, na hau adaidaita sahu na tsallaka gari har Bompai. A bayan wani sito muka haɗu da mai shi, tsakanin tireloli biyu da ake sauke wa kaya, kamar masu cinikin abin da hukuma ta hana. Ya buɗe kwali. Zakaran yana lumshe ido, ya ɗan saki fiffike. Na ce, "Ya na gan shi haka?" Ya ce zafin mota ne. Na san ba zafin mota ba ne, ko in ce rabin kaina ya sani, ɗaya rabin kuwa ya riga ya ga hoton da zai tura guruf.

Na rungumo kwali har Sharada. Matata ta ce, "Marar lafiyar ne ka taho da shi?" Ba ta san ta faɗi gaskiya ba. Keji a cike yake, kuma nawa zakarun za su kashe shi in na sa shi ciki. Ni mai wa'azin a ware baƙo sati biyu, ina zan ware shi a tsakar gida mai cin tabarma uku? Na ɗaure masa ƙafa a jikin turmi. Kaskon ruwan kazar Inna yana wurin, na tura masa shi da ƙafa.

Kwana uku ya yi. Da safe na tarar da shi a miƙe. Na buɗe wuta a guruf, na zagi mai shi, na ce a cire shi, maci amana ne, ba ya tsoron Allah. Na wanke keji da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na zuba wa kajina bitamin, ina leƙa su ɗaya bayan ɗaya ina buɗe musu baki. Lafiyarsu ƙalau, rigakafi ya yi aikinsa. Har na sanar da hakan a guruf don a ɗauki darasi.

A kwanakin nan kazar Inna ta yaye fararen 'ya'yana, tukunta ya yi ja, ta fara kyarkyara tana leƙa lungu. Matata ta san alamar. Ta share bayan turmi, ta zuba sabon yashi, ta kafa tsohon kwando. Har waƙa na ji tana yi a kicin. Ta ce mini in an samu sagara biyu, ɗaya ta babbar 'yarmu ce, ɗaya ta ƙarama, in sun yi aure su tafi da jikokin kazar Inna.

Sai kazar ta daina ci. Matata ta faɗa mini da yamma, na ce zafi ne, ban ko juya ba. Ta daka barkono da tafarnuwa ta jiƙa ta ɗura mata, yadda ta ga Inna tana yi. Washegari da safe na fito da kayan aiki na ga kazar a takure jikin katanga, ta saki fukafukai, ido a lumshe. Kallo ɗaya na yi mata na gane. Irin lumshewar da na gani a kwali a Bompai ce. Matata ta ce, "Malam, don Allah ka dube ta kafin ka fita." Na ce na makara, in na dawo. Ban makara ba. Tsoro na ji, na gudu, na tsaya a bakin titi ina jiran motar da ba ta ma iso ba.

A kamfaninmu ba a shiga wurin inji da waya, a loka, ɗan akwatin ajiyar kayan ma'aikata, ake barinta. Sai da aka tashi sallar azahar na buɗe. Kiran matata ya fi goma, ita da ba ta kirana a wurin aiki ko yara ne ba lafiya. Na kira. Ta ɗauka ta ce, "Kazar Inna ce. Wuyanta ya murɗe."

To ga abin da ya fito daga bakina, kuma na sha juya shi a raina ko zan samo masa wata fassara, ban samu ba. Na ce, "Nawa fa? Kin duba nawa?"

Ina jin ƙarar injinan kamfani ta bayana, ina jin numfashinta.

Ta ce, "Naka suna cin abinci." Sannan ta ce, "Ka zo ka yanka ta, kada ta tafi mushe. Na leƙa layin nan kaf, babu namiji ko ɗaya."

Gaskiya ta faɗa. Layinmu da rana tsaka mata ne da tsofaffin kujeru. Masu aikin safe suna Challawa da Sharada da Bompai, waɗanda suka kwana a aiki kuma ko ganga ka buga a kansu ba za su motsa ba, kuma babu matar da za ta tashi mijinta don kazar maƙwabciya.

Na je wurin shugaban sashenmu na ce matata ce ba lafiya. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, in tafi. Na tari adaidaita sahu. Ba mu yi nisa ba muka tarar wata tirela ta gindaya a titi tana ƙoƙarin shiga get da baya, motoci sun yi layi. Na sauka na yi gudu da takalmin aiki mai ƙarfe a baki, na tari wani a gaba. Duk hanyar addu'a ɗaya nake yi, Allah Ka sa in same ta da rai. Ban roƙi ta warke ba, na san ba ni da bakin roƙon wannan. So nake kawai in yi abu guda ɗaya da aka ce in yi.

Na tura ƙofa ban yi sallama ba. Matata tana zaune a ƙasa a kan siminti, rana ta raba tsakar gida biyu, ita tana cikin rabin ranar. Kazar tana kan cinyarta. Wuƙa da buta suna gefe. Daga yadda ƙafafun suka miƙe na san na makara.

Da na yi shiru da ya fi. Amma Farfesa ba ya shiru. Na ce, "Ai a shari'a mace ma tana iya yanka."

Ta ɗago ta dube ni. Ba fushi a idon, da ma fushin ne. Ta ce, "Na sani. Sau uku ina ɗaukar wuƙar."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. A keji kajina suna ta hidimarsu, ɗaya daga cikin zakarun har da cara.

Mushen kaza juji ake kai shi, kowa ya sani. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta janye. Ta ce ba za a jefar da ita karnuka su ja ba, in haƙa rami. Na duba tsakar gidan, ko'ina siminti ne. Wuri ɗaya ne ke da ƙasa, kusurwar da na dasa keji a kai. Na kama keji ni kaɗai na ja, ƙarfe yana kuka a kan siminti, kaji suna ihu suna faɗawa kan juna, ruwansu ya kife mini a ƙafa. Maƙwabciyarmu ta miƙo mini diga ta saman katanga, ba ta tambayi komai ba, ta riga ta ji duk abin da ake ciki. Na haƙa. Gumi yana shiga mini ido ban tsaya sharewa ba.

Matata ta kwance ɗankwalin da ke kanta ta naɗe kazar a ciki. Tana naɗewa sai hannunta ya tsaya a ƙasan cikin. Ta daɗe a haka. Ta ce, "Da ƙwai a cikinta. Ga shi nan, ina jin sa."

Ni na sa ta a ramin, ni na mayar da ƙasa. Da na gama na tsaya riƙe da diga na faɗa mata komai, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba: yadda na ga zakaran yana lumshe ido tun a Bompai, da yadda na gane ciwon da safe na gudu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Na ce gobe-goben nan zan kira mutanen guruf su zo su kwashe kajin nan gaba ɗaya, da keji da buhu da komai, in wanke mata tsakar gidanta, ba za ta ƙara ganin gashin kaza a gidan nan ba. Ina faɗa ina jin wani ɗan sanyi a raina, don na ɗauka na samo abin da zan biya da shi.

Ta juya ta kalli kejin da na bari a karkace a tsakiyar gida. Fararen nan shida sun taru a jikin waya suna haki saboda rana.

Ta ce, "Kada ka taɓa su. Ita ta kwanta a kansu."

Ta tashi ta kaɗe zanenta, ta ɗauki butar da ta tanada don yanka, ta je ta zuba musu ruwa.